Yadda Ake Haɗa Ƙasar Noma Daga Sharar Masana'antu da Takin Dabbobi

Akwai wuraren da ƙasar noma ta ƙare, akwai kuma waɗanda tun asali ba su da ita: filin da aka kwashe ƙasar samansa don gini, tsohon ramin haƙar ma'adinai, gonar da zaizaya ta cinye har ta kai ga tsandauri, ko daɓen siminti a tsakiyar birni. A irin waɗannan wurare zuba taki kaɗai ba ya wadatarwa, domin babu abin da zai riƙe takin, babu kuma inda saiwa za ta kama. Mafita ita ce a haɗa sabuwar ƙasa ɗungurungum, kuma kayan haɗin da suka fi sauƙin samu su ne abubuwa biyu da masu su ke neman hanyar rabuwa da su, wato sharar masana'antu da kashin dabbobi. Masana ƙasa sun san da wannan aiki, har ma tsarin rarraba ƙasa na duniya ya ware wa ƙasar da kayan da ɗan Adam ya sarrafa suka yi yawa a cikinta rukuni na musamman mai suna Teknosol tun shekarar 2006.

Ƙasa mai kyau tana yi wa shuka ayyuka huɗu: tana riƙe saiwa, tana ajiye ruwa, tana barin iska ta shiga, tana kuma ciyar da ita. Kusan rabin jikinta ramuka ne ƙanana da ruwa da iska ke zama a ciki, sauran kuma yashi ne da laka da ɗan ruɓaɓɓen abu. Sharar masana'antu ita ce ƙashin wannan jiki, taki kuma shi ne tsoka da jini. Amma tara su wuri guda a cakuɗa da shebur ba ya mai da su ƙasa. Kowanne yana da gyaran da ake yi masa shi kaɗai kafin a gama su, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a wannan aiki tana faruwa ne saboda an tsallake wannan gyara ko an sa na baya a gaba.

Zaɓen shara, da wadda ba a taɓa ta

Matakin farko, wanda kuma ya fi kowanne nauyi, shi ne sanin ainihin inda sharar ta fito da abin da aka sarrafa har ta samu. Ba a ɗaukar shara daga juji inda masana'antu da yawa ke zubarwa, domin ba wanda zai iya faɗin abin da ke ciki. A je masana'antar kanta, a tambayi abin da take sarrafawa da sinadaran da take sakawa, a kuma bincika ko dokar wurin tana buƙatar izini kafin a kwashi irin wannan shara, domin ƙasashe da dama suna buƙatar hakan.

Mafi aminci ita ce sharar da asalinta tsiro ne. Ɓuntun shinkafa, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin shinkafar da ba a cashe ba, yana sa ƙasa ta yi sako-sako, kuma ba ya saurin ruɓewa saboda sinadarin silika da ke jikinsa. Masana'antar sukari tana fitar da abubuwa biyu masu amfani: tuƙar rake, wato zaren da ya rage bayan an matse ruwan, da kuma baƙin dagwalon da ke taruwa wajen tace ruwan raken, wanda yake ɗauke da fosfaras da kalsiyam, sinadaran da shuka ke ci. Akwai kuma garin katako, ɓawon gyaɗa, ragowar gurzar auduga da dusar masana'antun abinci. A garin katako ne ake bukatar lura ta musamman: na ɗanyen icce kaɗai ake so. Garin katakon da aka yi wa maganin gara, ko aka shafa wa fenti, ko na allunan da aka manne da gam, ba ya shiga wannan aiki, domin wani tsohon maganin katako da aka daɗe ana amfani da shi haɗin kuromiyam ne da tagulla da asenik, kuma ruɓewa ba ta kashe ko ɗaya daga cikinsu.

Rukuni na biyu shi ne sharar da asalinta dutse ne ko toka: garin dutse daga wuraren fasa duwatsu, dakakken jan bulo, tokar kwal daga tashoshin lantarki, da tokar tukunyar masana'antun da ke ƙona icce ko ɓuntu. Garin dutse da bulo ba su cika fitina ba. Tokar kwal kuwa tana da amfani tana kuma da haɗari. Tana da laushi ƙwarai, tana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, tana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da fotashiyam, amma kusan babu naitirojin, sinadarin da shuka ke bukata don girma da yin kore, a cikinta saboda wuta ta kore shi. Sau da yawa tana da kanwa-kanwa mai ƙarfi da gishiri da sinadarin boron fiye da yadda shuka za ta jure, wani lokaci har da asenik da seleniyam. Ana amfani da ita, amma sai an gwada, kuma kaɗan.

Rukuni na uku shi ne wanda ba a kusantarsa ko da kyauta aka bayar: dagwalon masana'antar jima da ke amfani da kuromiyam, dagwalon rini, sharar masana'antar batir da fenti da shafen ƙarfe, tokar sharar asibiti, da ƙasar wuraren tace ma'adinai. Jar lakar da ke fita daga tace ma'adinin alminiyam ma tana cikin wannan sahu ga manomi, domin tana ƙuna kamar soda. A watan Oktoban 2010 da madatsar irin wannan laka ta fashe a kusa da garin Ajka na ƙasar Hangari, mutum goma ne suka rasu, gonaki kuma suka lalace. Idan masana'anta ta matsa a kwashe mata shara, har tana tayin biyan kuɗin mota, to a ƙara bincike, domin ruwa ba ya tsami banza.

Gwaji kafin a kwaso

Ido da hanci ba sa gane gubar ƙarfe. Shuka tana iya yin kore shar a kan ƙasar da ke cike da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, ta zuƙe shi ta ajiye a ganye ko a ƙwaya, wanda ya ci kuma ya tara shi a ƙoda shekara da shekaru. Abin da ya faru ke nan a lardin Toyama na ƙasar Japan, inda ruwan kogin da ma'adinai suka gurɓata ya shiga gonakin shinkafa, mutane suka kamu da ciwon ƙashi da na ƙoda, har gwamnati ta amince a hukumance a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi. Saboda haka duk sharar rukuni na biyu, da duk wani dagwalo, sai an kai samfurinsu ɗakin gwaje-gwaje.

Ana ɗibar samfurin daga wurare kamar goma a jikin tsibin, sama da tsakiya da ƙasa, a cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, a ɗebi kimanin rabin kilo a ƙulle a leda, a rubuta suna da kwanan wata. A nemi a auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwa, da yawan gishiri, da boron, da dalma, kadmiyam, asenik, kuromiyam, nikel da zaiba. Idan ƙasar da ake ciki tana da nata ƙa'idojin, su za a bi. In ana neman abin kwatance, dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan zuba dagwalon bahaya a gonaki ta sa iyakar kadmiyam a ƙasar noma tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowane kilo, dalma kuma tsakanin 50 zuwa 300. Wanda zai noma abinci gara ya riƙi ƙaramin adadin. Gwaji ɗaya kuma ba ya wadatarwa har abada, domin da zarar tashar lantarki ta sauya inda take sayen kwal, tokarta ma ta sauya.

Taki: wanne, kuma a wane hali

Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfin naitirojin da fosfaras, shi ya sa ɗanyensa ke ƙona shuka, yana kuma da gishiri. Kashin shanu ya fi sanyi, ya fi kuma gina jikin ƙasa. Na awaki da tumaki yana tsakani, busasshe ne mai sauƙin ɗauka. Ba a sa kashin kare ko na kyanwa saboda cututtukan da ke kama mutum. Akwai tambaya guda da ya kamata a yi wa mai dabbobin, ita ce ko an fesa maganin ciyawa a makiyayar ko a kan ciyawar da suka ci. Wasu magungunan, irin su aminofiralid, suna ratsa cikin dabba su fito a kashi ba tare da sun lalace ba, suna kuma nannaɗe ganyen tumatir da wake ko da an ruɓar da takin. Masu lambu a Birtaniya sun yi asara mai yawa ta wannan hanya a 2008.

Ruɓar da taki tare da sharar tsiro

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. Ƙananan halittun da ke ruɓar da abu suna son kabon, sinadarin da ya fi yawa a busassun kayan tsiro, kashi 25 zuwa 30 a kan kowane kashi ɗaya na naitirojin. Garin katako yana da kabon ɗaruruwa a kan kashi ɗaya, kashin kaji kuwa bai wuce goma ba. Idan aka zuba garin katako ɗanye a ƙasa, halittun nan za su kwashe naitirojin ɗin da ke wurin don su ci shi, shuka ta yi rawaya ta tsumbure. Idan aka tara kashin kaji shi kaɗai, naitirojin ɗin zai tashi sama a matsayin amoniya mai hawa kai. Haɗa su ne ke gyara kowanne.

A ma'aunin bokiti, ana fara da bokiti biyu na garin katako ko ɓuntu a kan bokiti ɗaya na kashin kaji. Da kashin shanu kuwa lissafin juyawa yake yi, bokiti biyu na kashi a kan ɗaya na garin katako. Dagwalon sukari ana lissafa shi a ɓangaren taki, tuƙar rake kuma a ɓangaren busassun kaya, bayan an daddatse ta.

A zaɓi wuri mai inuwa, mai ɗan tudu, nesa da rijiya da rafi. A shimfiɗa kara ko ƙananan rassa a ƙasa don iska ta samu hanyar shiga, sannan a riƙa jera kayan hawa-hawa, busassun kaya kaurin santimita 15 zuwa 20, taki a kai, a yayyafa ruwa, a sake, har tsibin ya kai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, faɗinsa ma kusan haka. Tsibin da bai kai mita ɗaya ta kowane gefe ba ba ya riƙe zafi. Danshin da ake so ana gane shi da hannu: a damƙi kayan a matse da ƙarfi, in ɗigo ɗaya ko biyu suka fito ta tsakanin yatsu, dunƙulen kuma ya tsaya bai warware ba, to ya yi daidai. In ruwa ya tsiyaye ya yi yawa, sai a ƙara busassun kaya. In dunƙulen ya watse da an buɗe hannu, sai a ƙara ruwa. A rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa, ba da ledar da za ta toshe iska ba.

Cikin kwana biyu zuwa huɗu tsibin zai ɗauki zafi. Ana so cikinsa ya kai digiri 55 na ma'aunin Salshiyas, domin a nan ne ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da yawancin irin ciyawa ke mutuwa. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka ga tsibin da ake juyawa ita ce ya zauna a digiri 55 ko sama na kwana 15, a kuma juya shi sau biyar a cikin wannan lokaci. Dalilin juyawar a fili yake: gefen tsibi ba ya yin zafi, don haka a kowane juyi na waje ne ke komawa ciki. Wanda ba shi da ma'aunin zafi zai iya soka sandar ƙarfe har tsakiya, ya bar ta minti goma, ya zare. In ba ya iya riƙe ƙarshenta a tafin hannu fiye da 'yan daƙiƙu, zafin ya kai. Idan ya haura digiri 70 a juya nan take, domin halittun masu aikin ma mutuwa suke yi. Warin amoniya alama ce ta taki ya yi yawa, warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma alama ce ta ruwa ya toshe iska.

Ba a zuba toka ko farar ƙasa a cikin wannan tsibi. Mutane da yawa suna yin haka don kashe wari, amma kanwa-kanwar tokar tana korar naitirojin ɗin takin ya bi iska, a wayi gari an ruɓar da taki maras ƙarfi. Toka tana jiran nata lokacin.

Bayan zafin ya sauka, kuma juyi bai sake tayar da shi ba, sai a bar tsibin ya kwanta na aƙalla wata ɗaya. Gaba ɗaya aikin yakan ci wata biyu zuwa huɗu, mai garin katako da yawa yakan fi haka. Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, girman tsibin kuma ya ragu da kusan rabi.

Wanke toka

Yayin da taki ke ruɓewa, sai a gyara toka a wani wuri dabam. A baza ta kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba a kan daɓe mai ɗan gangare, a riƙa jiƙa ta sosai ana barin ruwan ya tsiyaye, ana motsa ta da manjagara, na tsawon makonni. Ruwa yana tafiya da gishiri da boron, iska kuma tana rage mata kaifi. Wannan ruwan da ya fita gurɓatacce ne, don haka a tare shi a rami mai shimfiɗar leda ya ƙafe, kada ya bi magudana zuwa rijiya ko tafki. Busasshiyar tokar kwal tana tashi ta shiga huhu, saboda haka a sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba, a kuma jiƙa ta kafin a taɓa. Tokar da ta shekara a waje tana shan ruwan sama ta riga ta yi rabin wannan wanka, ita ce kuma ta fi dacewa a nema.

Haɗawa

A tankaɗe takin da rariyar waya mai ido kamar santimita ɗaya, a mai da manyan guntaye cikin sabon tsibi. Ga haɗin da ya dace a fara da shi, a cikin kowane bokiti goma: huɗu na ruɓaɓɓen taki, uku na garin dutse ko yashi ko dakakken bulo, ɗaya na laka ko jar ƙasar da aka haƙo daga ƙasa, ɗaya na ɓuntu, ɗaya na wankakkiyar toka. Ɓuntun da aka babbake ya zama baƙi ba tare da ya koma toka ba ya fi ɗanye, domin yana riƙe ruwa kuma ba ya satar naitirojin. Bokitin lakar nan kada a raina shi, shi ne ke kama abincin shuka ya hana ruwa wanke shi. Toka kuwa kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma a karon farko. Halin da ya sa masu siminti ke sayen tokar kwal, wato daskarewa idan ta haɗu da ruwa, shi ne zai sa saman ƙasar ya yi ɓawo mai tauri in ta yi yawa, tsiro ya kasa fasa shi.

A zube busassun kayan a kan tamfol a juya su har launinsu ya zama ɗaya, sannan a sa takin a sake juyawa sau uku, ana yayyafa ruwa. A ƙarshe a barbaɗa shebur ɗaya ko biyu na ƙasar gona mai rai, wadda aka ɗebo daga inda amfanin gona ke yin kyau, domin da ita ne halittun da toka da dutse ba su da su za su shigo. A tara haɗin, a rufe, a bar shi da danshi na mako uku zuwa huɗu. A wannan zaman ne tsamin taki da kanwa-kanwar toka ke daidaita juna, don haka awon da aka yi a ranar haɗi ba abin dogaro ba ne.

Gwada haɗin kafin shuka

Gwaji uku ne, kuma dukansu ana iya yin su a gida. Na farko pH: a dama kashi ɗaya na ƙasar da kashi biyu da rabi na ruwa mai tsabta, a bar shi rabin awa, a tsoma takardar awo. Yawancin amfanin gona sun fi son 6 zuwa 7. In ya haura 8, sinadarin ƙarfe da zinki da fosfaras za su kulle, shuka ta kasa shan su, sabbin ganye su yi fari-fari. Gyaransa shi ne a ƙara taki da yashi don a rage kason toka, ko a sa garin farar wuta kaɗan a jira makonni. Na biyu magudana: a cika bokitin da aka huda gindinsa da ƙasar, a zuba ruwa, in ya kwanta a sama fiye da 'yan mintuna a ƙara ɓuntu da yashi, in kuma ya zube kamar an zuba a kwando a ƙara taki da laka.

Na uku shi ne wanda ya fi faɗin gaskiya, wato a tambayi shuka kanta. A cika tukwane uku da sabon haɗin, uku kuma da ƙasar gona da aka sani, a shuka wake ƙwaya goma a kowace, a ba su ruwa iri ɗaya. An zaɓi wake ne saboda yana saurin nuna alamar ragowar maganin ciyawa. Bayan mako uku a kwatanta. In tsiron haɗin ya kai kashi 80 cikin ɗari na tsiron ƙasar gona, ganyen kuma lafiyayyu ne, ƙasar ta yi. Bakin ganye da ya ƙone yana nuna gishiri ko boron, sai a wanke haɗin da ruwa mai yawa a sake gwadawa. Rawaya daga tsofaffin ganye tana nuna takin bai gama nuna ba, sai a ƙara masa lokaci. Ganyen da ya nannaɗe ya ƙanƙance kamar cokali yana nuna maganin ciyawa, irin wannan haɗin kuma ba a sa masa tumatir ko wake. Wannan gwaji ba ya gano dalma da kadmiyam, don haka a sake aika samfurin haɗin da aka gama zuwa ɗakin gwaji.

Shimfiɗawa da shuka

Ganyaye da albasa suna wadatuwa da zurfin santimita 20 zuwa 30, tumatir da barkono da masara kuwa suna son 40 zuwa 60. In a kan tsandauri za a shimfiɗa, a fara farfasa shi da diga, a gauraya kason farko na haɗin da shi, domin in aka ɗora ƙasa mai laushi a kan mai tauri kai tsaye, ruwa zai kwanta a tsakaninsu saiwa ta ruɓe. In a buhu ko akwati ne, a huda gindi da gefe. A cika fiye da yadda ake bukata da ɗan kaɗan, saboda ƙasar za ta zauna bayan ban ruwan farko.

Tsarin abin da ake shukawa ma yana da muhimmanci idan akwai tokar kwal a haɗin. A zangon farko ya fi kyau a shuka wake ko wata ciyawa mai ƙara naitirojin, a sare ta kafin ta yi 'ya'ya a binne a wurin, domin saiwarta ce ke fara ɗinke ƙasar ta zama dunƙule-dunƙule. Bayan haka sai masu 'ya'ya da masu ƙwaya, kamar tumatir da masara. Latas da alayyafo da karas su ne na ƙarshe, kuma sai sakamakon gwaji ya tabbatar, domin ganyaye sun fi tara kadmiyam, masu saiwa kuma ƙasar tana manne a jikinsu. In aka ga dole sai an ƙara ɗanyen taki daga baya, a bi ƙa'idar noman da ba na sinadari ba ta Amurka, wadda ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa.

Haɗaɗɗiyar ƙasa tana raguwa kowace shekara saboda ruɓaɓɓen abin da ke cikinta yana ci gaba da ruɓewa, musamman a wuri mai zafi. A rufe samanta da ciyawa ko ɓuntu, a kuma ƙara ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 3 zuwa 5 kafin kowace shuka. Toka kuwa ba a sake ƙara ta, domin taki yana ƙarewa amma ƙarafan da ke cikin toka suna nan suna taruwa. A riƙa auna pH sau ɗaya a shekara, kada a bar shi ya sauka ƙasa da 6, saboda tsami ne ke sakin kadmiyam da sauran ƙarafa su shiga saiwa. In ya fara sauka a gyara da farar ƙasar noma. Gwajin ƙarafa a ɗakin gwaje-gwaje kuma a maimaita shi duk bayan shekara biyu ko uku, da kuma duk lokacin da aka sauya masana'antar da ake ɗebo shara daga gare ta.